Katakon Baba ne, amma mijina ake kira ɓarawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Mijina kafinta ne a Samaru, Babana kuma katako yake sayarwa a Sabon Gari. Bara aka ba mijina aikin rufin islamiyyar unguwarmu, kwamiti suka ce tu-bai-fo suke so, wato inci biyu da inci huɗu, shi kuma saboda kara bai je ko'ina ba sai rumfar surukinsa. Da damina ta yi nisa rufin aji ɗaya ya lotsa, har aka kwashe yara. Wani ɗan kwamiti ya hau da tef ya auna, ya ce katakon ko kusa bai kai ba. Shi ke nan magana ta bazu, wai mijina ya karɓi mai kauri ya musanya da siriri. Yanzu ko gyaran benci ba a kiransa, 'yata ta dawo tana kuka an ce mata 'yar ɓarawon makaranta.

Na je na sami Baba, ya ce kowa ya san tu-bai-fo suna ne kawai, zarto ya ci nasa, bushewa ta ci nata, haka kasuwa take tun kafin a haife ni. Gaskiya ne. Amma ni a rumfar nan na girma, na sha jin yana ce wa mai injin tsaga katako ya ƙara matsewa don falanki ya ba da ƙarin guda. Nasa ya fi na kowa rama, kuma ya sani.

Mijina kuwa ya rantse ba zai faɗi inda ya saya ba, wai ba da bakinsa za a tozarta uban matarsa ba, shi ne ma bai auna ba don kunya ta hana shi ciro tef a gaban suruki. Na yi kuka, na yi masifa, ko gezau. Mutumin nan abinci ma ya daina ci.

Ranar Juma'a kwamiti za su zauna, an ce in bai yi bayani ba liman zai sanar a masallaci kada a sake ba shi aiki. Ni kaɗai ce zan iya buɗe baki. In na yi magana na tona asirin wanda ya haife ni, in na yi shiru na bari a binne wanda yake rufa masa asiri. Jama'a, ku da Allah, in je wurin kwamitin nan ko in zauna?