Rasuwar Hajiya Safinatu Lambara da Maganar Tsiron Dawa

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Mata Masu Kunu da Zoɓo ta Bodinga da Shagari ta samu labarin rasuwar uwarta kuma wadda ta assasa ta, Hajiya Safinatu Ummaru Lambara, Innar Masu Kunu, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidan maigidanta, Alhaji Mode Lambara, bayan doguwar jinya, aka kuma yi mata sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ce ta tara mu, zawarawa da matan aure, a tsakar gidanta da tukunya da randa kawai, har ta kai 'yan kabu-kabu na ɗaukar jarkokin kununmu zuwa Kajiji da kasuwar Bodinga. Kununta ba ya nauyi, ba ya ginsa. Mai ban ruwan albasa kan sha kofi bayan kofi tun safe har la'asar bai ji kasala ba. Ba ta sa sukari. Takan jiƙa dawa, ta rufe ta da buhu mai danshi har ta yi tsiro, ta shanya a ƙofar gida, sannan ta niƙa ta zuba a kunun don ya yi zaƙi, yadda kakanninmu suka yi tun ba a san sukarin kanti ba.

Wannan shanyar ce wasu 'yan zaman majalisa suka gani, suka ce ai da tsiro ake burkutu, don haka giya Hajiya ke dafawa. Inda suka ƙware da sanin yadda ake burkutu, su suka sani. Ciniki ya ja baya, wasu mazan suka janye matansu daga ƙungiya, har aka kifar da jarkarmu a tasha. Mai girma Malam Muhammad Sani, limamin unguwa, ya zo da kansa ya duba tukwane, ya sha, ya shaida halas ne. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan furen ya daɗe bai kaɗe ba. Dattijuwar da ta sauke farali ta koma shanya tsiro a ƙuryar ɗaki kamar mai ɓoyon kayan sata, kuma har kwanciyarta ta ƙarshe tana tambayar 'yarta, Malama Zahra'u, ko har yanzu ana faɗar maganar.

Ƙungiya ba za ta ɓoye ƙyamarta ba game da abin da ta gani a zaman makoki. Mutanen nan da suka yi mata ƙazafi su ne a sahun gaba a kan tabarma, da manyan riguna da carbi, suna girgiza kai suna yabon halin marigayiya. Da aka fito da kunun sadaka suka sha suka ƙara, ɗaya ma ya aika a cika masa gora ya kai gida. Babu wanda ya sunkuyar da kai. Tir da wannan hali!

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji Mode, da Malama Zahra'u, da 'yan uwa da jikoki, da ɗaukacin al'ummar Lambara, tare da roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Muna kuma sanar da jama'a cewa daga gobe tsironmu zai koma ƙofar gida, a rana, inda kowa zai gani. Waɗanda suka sha kunun makoki su sani, da tsiron ƙarshe da ta yi da hannunta kafin ta kwanta aka dama shi. Ita dai ta tafi inda ba a zuwa neman ta yafe. Bakin da ya ɓata ta a majalisa, can majalisar zai koma ya wanke ta, tun kafin ranar da za a tsayar da shi a gabanta.

Sa hannu:
Malama Nana Hauwa Ashiru Bodinga
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Mata Masu Kunu da Zoɓo ta Bodinga da Shagari