Yaya, Ka Zo Ka Shaida Karen Dankure

Zuwa ga yayana Ladan, a Sabo, Badun, gidan masu goro.

Yaya, so nike ka dawo gida ka tsaya gaban alkali a Birnin Kebbi, ka faɗi maganar da ka yi ma Dankure bara a kan karenshi. Abin da nike nema gare ka ke nan, kuma babu mai yi min shi in ba kai ba. Malam Abdussamadu da ke rubuta min takardar nan ya ce ba haka a ke fara wasiƙa ba, sai an gaisa. To, ina gaishe ka, gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen da kuke zaune tare. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka a ƙasar mutane. Baba yana Argungu lafiya, ruwa ya ja baya, suna samun kifi. Idon Inna ya yi sauƙi. Adama ta sauka, an samu namiji. Maigidana har yanzu yana wurin yaƙi, tun kafin sallar layya ba mu ji daga gare shi ba. Ɗiyarka ce ba lafiya, wato ɗiyata ta fari, ita ce dalilin takardar nan.

Ga yadda abin ya faru. Ranar kasuwa Iya, uwar maigidana, ta ɗauki 'yar albasar da munka cire a fadama za ta kai siton Dankure a Nasarawa, yarinyar ta maƙale mata sai ta bi ta. Ni ina gida ina surfe. Iya ta ce tana tsaye ana auna mata, yarinyar na bayanta tana wasa da ɓawon albasa, ba ta taɓa karen ba, ba ta ma gan shi ba. Jan karen nan ne mai yankakken kunne, ka san shi. Ya fito daga bayan buhuna ya cafke ta saman dunduniya, ya riƙa girgiza ta. Sai da 'yan dako sunka sa mishi sanda kafin ya saki. Da anka shigo min da ita, zanen Iya duk jini, ban san sadda na yar da taɓarya ba. Yaya, ko kuka ba ta yi, ido kawai take bi na da shi.

Mutanen gida sunka ce a nemo gashin karen da ya yi cizon, a ƙona, a shafa tokar a bakin ciwon. Kai ma ka san haka muke yi. Iya ta koma gidan Dankure roƙon gashi. Ya bar ta tsugune a zaure gaban mutanenshi, yana cewa in ya ba da gashi yau, gobe a ce ya amsa laifi, a kai shi ƙara. Ita kuwa gashin take so, jikarta na can kwance cikin jini. Sai ta ce wace irin ƙara, ai ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. Nan take ya sa anka yanko gashin a wutsiya, ya haɗa mata da goro. Ban ga laifinta ba. Ko ni ce a wurin, abin da zan ce ke nan.

Munka shafa toka, munka ɗaure. Ciwon bai ji ba, ƙafa ta kumbura ta fara wari. Hodi, abokinka mai jakuna, shi ya ce mu bar wasa da ran yarinya, ya ɗora ta bisa jaki zuwa asibiti. Malamin asibiti ya wanke ciwon yana ta yi mana faɗa a kan tokar. Da likita Bature ya duba, ya yi magana, mai fassara ya ce min jijiyar agara ce ta tsinke, nan ba su da abin ɗinke ta sai babban asibitin Sakkwato, kuma in an daɗe jijiyar za ta tattare, ko an je ba ta haɗuwa. Ruɓar ta tsaya, alhamdu lillahi, amma ƙafar lilo take, ba ta takuwa. Yarinyar da ke tsere da 'yan awaki a tsakar gida, yanzu jan gindi take zuwa bakin randa. Sun ce karen ba mahaukaci ba ne, tunda ga shi nan da ranshi yana cin abinci. Ni dai ban daina miƙa mata ruwa ba, ina kallo ko za ta ƙi sha, don an ce wanda mahaukacin kare ya ciza gudun ruwa yake. Har takan ce min ta ƙoshi, in ce ƙara kurɓa ɗaya don Allah.

Zuwa Sakkwato sai mota, da abin da za mu ci a can, da wurin kwana, kuma ba a san iyakar zaman ba. Albasar da ta rage ba ta kai mu ko rabin hanya. Na aika Hodi wurin Dankure ya roƙe shi taimako, Dankure ya ce ai an yafe, da bakin tsohuwa, gaban jama'a. Hodi ne ya ce min shari'a tana da diyya a kan rauni irin wannan. Ni ban san diyya ana bi a kan kare ba, na ɗauka sai an kashe mutum. Na sai da akuyar da Inna ta ba ni, anka yanki sammaci.

Yaya, ban taɓa shiga gaban alkali ba sai wannan karon. Ya tambaye ni sunan yarinyar. Na ce 'yar fari ce, ranka ya daɗe. Ya ce ya sani, amma shari'a sai da suna. Tun da na haife ta sunan nan bai fita bakina ba, ka sani. Ran nan na faɗe shi gaban maza cike da ɗaki, na ce Asiya. Tana cinyata, ta ɗago kai ta dube ni, don ba ta taɓa ji na kira ta haka ba.

Dankure ya zo da babbar riga da mutanenshi, sunka shaida maganar Iya. Alkali ya ce haƙƙin yarinya ne, kaka ba ta da ikon yafe shi. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Sai ya ce amma mai kare ba ya biya sai in an taɓa yi mishi kashedi cewa karenshi na cizo, ya ƙi ɗaure shi, kuma sai maza biyu sun shaida an yi kashedin. Dankure ya ce bai taɓa jin ƙorafi daga bakin kowa ba, karenshi ɓarayi kaɗai ya sani.

Unguwar nan kaf babu wanda bai san karen ba. Ya yaga ma Tamba mai gishiri hannu, ya kori mata a hanyar rijiya ba sau ɗaya ba. Na bi gida gida ina roƙo. Kowa sai ya yi min sannu, ya dubi ƙasa. Dankure ke sayen albasarsu, shi ke ba su iri, wa zai tsaya ya ƙaryata shi? Kuma gaskiya ba wanda ya taɓa buɗe baki ya yi mishi magana, kowa kauce hanya yake. Kai kaɗai ne ka yi. Bara da ka zo yi min bankwana, da karen ya yaga maka wando a ƙofar sito, ka ce ma Dankure ya ɗaure karen nan kafin ya illata ɗan wani, ya yi dariya ya ce ka sayi sabon wando. Hodi yana tare da kai, ya ji, kuma ya ce zai faɗa ko da Dankure zai hana shi dako. Amma shi ɗaya bai isa ba. Na tambaya ko za ka iya aiko da shaidarka a takarda, alkali ya ce sai ya gan ka da idonshi. Ya ce zai jira zuwa kamawar watan azumi, daga nan zai rufe maganar.

Na san abin da nike roƙonka ba ƙarami ba ne. Na san don kuɗin aurenka ka tafi, kuma in ka taso yanzu wani zai maye gurbinka wurin maigidanka. Ban san ma ko takardar nan za ta same ka da wuri ba, ko jijiyar za ta jira ka. Ban san komi ba, Yaya. Iya ta daina cin abinci sosai, tana cewa bakinta ya gurgunta jikarta. Dankure ya daina karɓar albasarmu. Karen kuwa yana nan sake, jiya ma na hango shi kwance a inuwar sito.

Ka gaishe min da kawu Malami in kuna haɗuwa, da matarshi Hure da yaransu. Ka gaishe da Ɗanladi na gidan Abu, ka ce mutanenshi suna lafiya. Iya tana gaishe ka, Hodi ma haka. Ni ce ƙanwarka, Sadatu.

Malam, ƙara wannan. Na aika ma Baba da Inna, sun sani, Baba ya ce da zai iya rantsuwa a kan abin da bai gani ba da ya yi. Na faɗa ma mai unguwa, ya ce in yi haƙuri. Ubanta ban sa an rubuta mishi ba, mi zai yi daga can ban da baƙin ciki? Sai ita yarinyar. Ta tambaye ni yaushe za ta tashi ta yi tafiya, na ce mata sai kawunta ya zo. Yanzu a bakin zaure take wuni, tana duban hanya.