Kafin a Wanke Zanen Babanki

Girgaon, Bombay
11 ga Agusta, 1975

Zuwa ga 'yata Sulabha,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya a Nairobi, ke da mijinki Madhukar da jikata Ketaki. Ubangiji ya tsare ku a can. Nan gida kakarki tana fama da gwiwarta, amma bakinta lafiya lau. Ƙanenki Achyut ya warke daga zazzaɓin damina, ya koma aiki. Ni ma da sauƙi. Babanki ne ba lafiya, kuma ba tun yau ba.

Za ki ga rubutun ba na Achyut ba ne, nawa ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin mata da rana, kuma na zauna na rubuta da kaina domin duk sanda aka ce a sanar da ke sai babanki ya girgiza kai, Achyut kuwa ba ya tsallake maganarsa. Wata huɗu da suka wuce ya faɗi a ofishinsu na fim ɗin gwamnati, buroshin zane a hannunsa. Ɓarinsa na dama ya shanye. Yana gane kowa, yana cin shinkafa da miyar waken dal idan na ba shi a baki, amma magana sai kalma ɗaya ko biyu.

Kin tuna fim ɗinsa na zane, na matar nan mai tallan kifi da hankaka, mai minti bakwai, wanda babu mai bayani a cikinsa sai kiɗan gangar tabla. Manyansu sun daɗe suna tambayar me jama'a za su koya a fim ɗin da ba ya hana tofar da yawu a titi, amma sun bar shi yana yi tsakanin ayyukan da suke ba shi. Ya gama zana komai a kan ledar nan tasu mai garai-garai, falle kusan dubu biyu. Abin da ya rage a jera su ƙarƙashin kyamara ɗaya bayan ɗaya. A watan jiya rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, aka kwashe akwatunan cikin gaggawa, biyu suka kife, zanen ya cakuɗe. Kin kuma san bai taɓa sa musu lamba kamar sauran mutane ba. Bugun ganga yake rubutawa a kusurwa, dha, dhin, na, sauran yana kansa.

Abokinsa Pinto mai kyamara ya zo ranar Lahadi. Ya cinye mini soyayyar shinkafar poha faranti biyu, ya zauna a bakin gado yana kiran babanki tsohon jaki mai taurin kai. Ya ce mako biyu ya yi yana jera zanen, yanzu mai kifin tana tafiya da baya, hankakan kuma yana sauka kafin ya tashi. Babanki ya yi dariya da rabin bakinsa, karo na farko tun faɗuwarsa. Sai da na raka Pinto matakala ya gaya mini sauran. Ledar daga waje ake kawo ta, ta yi ƙaranci, kuma an ba su sabon fim na koya wa mutane bin layi. Bayan bikin Ganapati za a jiƙa na babanki a ruwan sabulu a wanke, a yi sabon zane a kai, kamar yadda ake yi wa na fim ɗin da aka riga aka ɗauka. Ya ce shi da kansa ya sha wankewa, aikin wata guda yana fita a tsomawa ɗaya. Babanki bai san wannan ba.

Sulabha, ke kaɗai kika san jerin. Tun kina 'yar sha biyu kike zama a ƙasa kina masa tafi yana ƙirga falle nawa taku ɗaya zai ci, ni kuma ina faɗa cewa hannun 'ya mace na murza gurasar chapati ne. Ban manta abin da ya ce ranar tafiyarki ba, wai ya yi shekara tara yana horar da hannu an kai shi yanka albasa. Bai ba ki haƙuri ba, yanzu kuma ba shi da bakin bayarwa. Amma kullum da hantsi yatsunsa na hagu suna buga katakon gado, su zo wani wuri su tsaya, su jira. Na gwada tafa masa, ya dube ni irin duban da yake mini idan gishiri ya yi yawa. Kakarki ta ce in bari, ba tafina yake jira ba.

Pinto ya ce idan kin zo, kwana goma sun isa. Shugabansu ya yarda ya ɗaga wankin har bikin Diwali, amma sai ya ga takarda daga hannunki mai ɗauke da ranar zuwanki. Na san Ketaki ƙarama ce, hanyar ma ba kusa ba, kuma kina da dalilin yin fushi.

Ki gaishe mini da Madhukar da iyayensa, ki sumbaci Ketaki. Kakarki da Achyut da gwaggonki Nalini suna gaishe ki.

Ki ba ni amsa ta iso kafin ranar da za a shigo da gunkin Ganapati gida don bikinsa. Ko a'a ce, ki rubuta, ba zan ga laifinki ba. Ina so ne in sani da wuri, domin idan ba za ki zo ba sai na gaya masa gaskiya da bakina, mu sauko da shi bene uku a kan kujera, in kai shi ofis ya ga matar nan da kwandonta tun tana kan leda.

Mahaifiyarki,
Indumati