Sautun Maman Ilham

Daren Lahadi, Bukit Jalil

Yau matan condo ɗinmu, wato dogon benen da muke zaune, suka zo yi min sannu da zuwa daga Florence. Maƙwabciyata Maman Ilham ko zama ba ta yi ba ta ce, "Maman Hanif, ina takalmina ɗan Italiya?"

Na faɗa mata gaskiya. Yini ɗaya kacal na samu bayan taron jami'a. Na nufi kasuwar fata da awon ƙafarta a jaka, sai na ga ana layin hawa wata doguwar hasumiya, na bi. Ina tattare abaya ina haki har na kai sama. Daga can na ga garin gaba ɗaya, jajayen rufi har gindin duwatsu, kogi ya ratsa tsakiya. Kafin in sauko in sha gelato, askirim ɗin 'yan Italiya, a bakin gada, kasuwa ta tashi.

"Wato gini kika je kallo," ta ce, ta ture cakulan ɗin da na miƙa mata. Daga baya dai ta ci uku.

Shekara huɗu duk tafiyar da na yi ta sautun mutane ce. Wannan tawa ce. Har yanzu cinyoyina na ciwo, kuma ba na so su daina tukuna.