Wasan Kaboyin Baba

Asabar, 4 ga Mayu, 2024
Nasiruddeen direba ya kawo ma Baba wani tsohon wasan kaboyi na ban dariya daga Maraɗi, cikin memori. Baƙi-da-hwari. Baba ya ce ya taɓa ganin irinai a Sakkwato yana saurayi. Tun da ɓarayin daji sunka kore mu daga Turba munka dawo garin Isa ban ji dariyatai ba sai yau. Ni ke fassara mashi, tunda ni ne malamin makaranta.

Talata, 7 ga Mayu
Ɗan dokan garin cikin wasan gajere ne, matsoraci, ko doki bai iya hawa ba. Manoma da masu shanu kullum rigima kan rijiya guda. In sunka kamo mutum za su rataye, sai ya tare ƙofa yana kyarma, ya ce kowa ya hwaɗi abin da ya gani da idonai. Ƙarshe ba wanda ya ga komi. Baba har da hawaye.
Ni ban yi dariya ba. Na ce ƙarya ce ta Turawa. Su zo Turba su tare ƙofa mu gani.

Laraba, 8 ga Mayu
Zahi. Ba wuta, ba kallo.

Juma'a, 10 ga Mayu
Wakili ya zo duba ƙahwar Baba. Bafillace ne, abokinai tun kahin a haihe ni, shi ke kai muna shanu gona su yi taki. Na san ba shi ya ƙone rumbunanmu ba. Na san shi ma an kore mashi garke. Duk da haka na ɗauki buta na zagaya baya har ya tahi.
Baba bai yi man hwaɗa ba. Da munka koma kallo sai ya nuna wasu mutane masu gashin tsuntsu a kai, da ake sakowa don a yi masu dariya.
"Abdulrazak, waɗanga su wa ne?"
Na ce su ne masu ƙasar tun asali.
"To mi ya sa ba a taɓa tambayarsu batun rijiyar?"
Ban taɓa tunanin haka ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa.

Litinin, 13 ga Mayu

Da hantsi na biyo ta tasha, na iske taro. Samari da gorori sun zagaye mutum, an yaga mashi riga. Wakili. Wai an gan shi da buhun gero biyu, wai daji zai kai ma ɓarayi. Shafi'u, wanda na koyar a aji shida, ya hango ni.
"Malam, kai ɗan Turba ne. Ka san wanga?"
Wakili bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo. Da ya roƙe ni da ido, wataƙila da na wuce.
Na ce na san shi. Murya kamar ba tawa ba. Na ce Babana ya ba shi geron ran Juma'a, don Wakili na da iyali goma sha huɗu. Wani ya ce, "Ashe kai ma nasu ne." Gora ta same ni a kahwaɗa, ban ga mai ita ba. Na riƙe hannun Wakili, na ce a tai da mu wurin hakimi mu biyu. Shafi'u ya shiga tsakani. Haka munka tsira.
Ba jarumta ba ce. Hitsari ya kusa kuɓuce man.

Talata, 14 ga Mayu
Mutum ukku ba su amsa sallamata ba a masallaci. Matata Maimunat ta gasa man kahwaɗa tana kuka, ta ce in tuna ina da ɗiya. Tana da gaskiya.
Baba ya ce, "Ka ji tsoro?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Madalla. Marar tsoro shi ka kashe mutane."

Lahadi, 19 ga Mayu
Wakili za ya kwashe iyalinai zuwa Nijar jibi. Ya zo sallama. Sun zauna da Baba tabarma guda, na kunna masu wasan, ina fassara. Wakili bai gane rabin abin ba, shanun kawai yake yabo, wai sun ƙoshi.
Har yanzu in na tuna rumbunanmu ƙirjina na zahi. Ban yahe ma kowa ba.
Za ni raka shi tasha, don hanya kawai.
Da zai tashi na ce, "Baffa, ga takalminka." Rabona da kiran shi haka shekara ukku. Baki ne ya kuɓuce.