Tamfol ɗin Aro a Kan Kududdufi

Assalamu alaikum, Anti da masu karatu. A ɓoye sunana. Kuma don Allah mai niyyar wa'azi ya fara karantawa har ƙarshe, na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Ina Guangzhou, aikin tafinta nake wa 'yan kasuwarmu. Sakandare na tsaya, Sinancin a bakin shaguna na koya. Kwanaki yayan mahaifiyata ya zo baje kolin Pazhou da wani sabon buri: zai kafa injin da ke mayar da kashin shanu gas a kusa da abbatuwa a Kano, ya tace shi ya sayar wa kamfanonin waje. Su kuwa ba sa saye sai da satifiket, sai an lissafa duk iskar da ke ɗumama duniya da aikin ke fitarwa, an ga ba ta wuce iyaka ba. Kawun da ko silindar gidansa bai san inda ake kunnawa ba, shi ne yanzu yake wa mutane lacca a kan yanayi.

Mai kamfanin da zai sayar masa da injin, lawban muke ce masa, ya kai mu tasa masana'antar gas ɗin a bayan gari ranar da mai binciken satifiket zai zo. A mota na ce, "Kawu, ka tambaye shi ragowar dattin ina yake zuwa." A gaban Sinawan nan ya juyo ya ce, "Ke, baki na ɗauko, ba ƙwaƙwalwa ba. Fassara kawai."

To, shi ke nan.

Da azahar na zaga baya neman inda zan yi sallah. Sai ga ƙaton kududdufin da ake zuba ragowar, leburori suna ja masa tamfol suna danne gefe da bulo. Ni na fassara bayanin da safe, Kawu bai saurara ba, amma ni na sani: ragowar nan tana ci gaba da fitar da gas, in a buɗe take lissafin ya ɓaci, in a rufe take an ci jarrabawa. Na tambayi wani dattijo a cikinsu, ya yi dariya ya ce aro suka yi, da yamma za a mayar. Mai binciken ya zo da takalminsa mai sheƙi, ya toshe hanci, ya ɗauki hoto daga nesa, ya koma ɗakin sanyi shan shayi. Wannan shi ne binciken? Wannan ce takardar satifiket ɗin lawban da Kawu yake shafawa kamar Alƙur'ani ya sauke?

A hanyar komawa ya ce, "Me tsohon nan yake gaya miki?" Na ce, "Gaisuwa ce, Kawu." Baki ya ɗauko, baki na ba shi. Wallahi har daɗi na ji, ina hango ranar da nasa masu binciken za su tsaya a kan buɗaɗɗen kududdufinsa, don a kayan da ya saya babu murfi, lawban ya ce masa ba a buƙata, ni kuma na fassara tsaf.

Jiya Umma ta kira tana sa min albarka, wai Kawu ya ce na yi ƙoƙari. A nan take gaya min gonar gadonsu ya sayar ya zuba a harkar, har da kasonta, ita ta ce ya haɗa tunda ina wurin, ba wanda zai cuce su ina ji.

Ana gab da loda kayan Kawu a kwantena. In na faɗa, zai tambaye ni tun yaushe na sani, kuma a gaban Umma zai tambaya. In na yi shiru, gonarta na rufa da tamfol ɗin aro. Har yanzu in na tuna maganarsa a motar nan raina ɓaci yake, ba zan yi muku ƙarya ba. Me zan yi?