Hular da Ka Bari a Rumfata

Maigida Alhaji Buba,

Gaisuwa da ban girma. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma wa ya rage mini da zan faɗa wa?

Gombe ta canza. Kuɗin fetur sun shigo, yaran da ka saya wa keke yanzu mota suke ja. Ni ina nan a rumfar da ka kama mini a kasuwa, ina wankin hula. Kuma hularka tana wurina.

Ka tuna safiyar da aka kama ka, bayan sojoji sun karɓi mulki? Sabuwar hula ce, ranar ka fara sa ta, ta yi maka yawa, ka biyo in rage ta. Kana miƙo mini 'yan sanda suka iso, suka tafi da kai ba hula. Na cusa ta ƙarƙashin tabarma, na sunkuyar da kai kamar ban san ka ba. Har ka rasu a gidan yari ban leƙa ka ba. Tsoro ne, Maigida, kuma kunyarsa ba ta sake ni ba.

To, ga Sale, tsohon akawunka, ya zama babban ɗan kwangila. Wai zai ɗauki nauyin wasan kwaikwayo a kan rayuwarka, malaman makaranta za su yi, kuma ya zo rumfata yana son a sa hularka ta gaske. Yaushe ƙaunarka ta kama shi haka? Ko don an ce siyasa za ta dawo ne, sunanka kuma yana da jama'a har yanzu?

Ban yarda da shi ba, sai na miƙa masa wata hula daban. Ko juya ta bai yi ba, ya ce ba ita ba ce, taka mai koren zare ce a baki.

Maigida, Sale ya sha rantsuwa cewa duk makon da aka kama ka yana garin Kwadon wajen awon auduga. Hular kuwa daga gidanka zuwa rumfata kaɗai ta yi tafiya a kanka. A ina ya gan ta? Wa ya nuna wa 'yan sanda rumfar mai wankin hula?

Ba ni da shaida, kuma ba zan ba shi ba. Ranar wasan zan zauna a layin gaba da ita a kaina, ko da za ta rufe mini kunne. Wannan karon ba zan sunkuyar da kai ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka yafe mini.

Yaronka har gobe,
Ɗanladi mai wankin hula, Bagadaza